Shebur Ɗin Babanki Ya Iso Yuma

Zuwa ga 'yata Colleen,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidanki da jikokina? Mun gode da hidimar Kirsimeti. Ragowar talotalon da kika ƙunsa mana sai da ya raka mu har Kansas, tsakiyar hanya.

Albishirinki, mun iso garin Yuma, cikin hamada, inda babu ƙanƙara! Kwana biyar daga gida Winnipeg mai sanyi, kuma ni na ja ƙatuwar motar nan mai ɗaki da kicin. Ni fa, Colleen! Yanzu ko safa babu a ƙafata, ga lemo a bishiya, sai dai in miƙa hannu.

Babanki lafiya lau, kada ki damu. Mantuwar ce dai take ɗan taɓa shi. Kin tuna shebur ɗin kwashe ƙanƙara da kika ce mu bari? Ashe ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Jiya da safe ya fita da shi, har da hular sanyi, wai zai share wa maƙwabta hanya. Maƙwabcinmu Duane ya leƙo ya ce, "Wendell, ka makara, ta narke! Amma zo, iska ta tara min yashi a ƙofa." Babanki ya kwashe shi tas, ya dawo yana fito. Rabona da jin fitonsa tun bara.

Ki riƙa leƙa gidanmu, kada bututun ruwa ya daskare. Maganar gidan tsofaffi da kika kawo kuwa, ki ajiye ta tukuna. Nan yashi ba ya ƙarewa.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki,
Darlene