Sauran Na Wurin Rabi

Zuwa ga Abu Hafsa,

Assalamu alaikum, sallamar da na san ba za a amsa ba. Wata bakwai ke nan da aka kai ka makwancinka, wannan takarda kuwa iyakarta ƙarƙashin filona. Amma da wa zan yi maganar nan in ba kai ba?

Gida lafiya. 'Yarka Hafsa ta samu aiki a wani kantin magani a unguwar Waziriyya, kuma har yau in na yi mata Hausa da Larabci take ba ni amsa. An gyara famfon da ka shekara kana cewa gobe. Kwalabenka na nan kan kanta a kicin, ban taɓa ko ɗaya ba.

Ka yafe mini a kan kwalaben nan. Shekara nawa ina yi maka tsiya saboda su? Guntayen baƙar roba, wasu jiƙe cikin dizal, wasu cikin ruwan teku da kake ɗebowa a jarka, gida duk wari. Ranar da biyu suka fashe na ce maka kyanwa ce. Ba kyanwa ba ce, ni ce. Ka sani, amma maimakon faɗa sai ka zaunar da ni ka yi mini bayani. Ka ce zobe ne na roba da ake sa wa bututu a zura shi cikin rijiyar mai. In robar ta sha mai ko ruwan gishiri sai ta kumbura ta toshe tsakanin bututu da dutse, ta yadda in an turo ruwa da ƙarfi don a tsaga dutsen, ba ta inda zai zurare. Ka ce kowa na iya sa roba ta kumbura, gwaninta ita ce ta jira sai ta kai ƙasa. In ta yi gaggawa, bututu ya maƙale a tsakiyar hanya.

Daga ranar na zama 'yar aikinka ba albashi. Kana masana'anta, ni ke auna kumburin da zare safe da yamma, ni ke dama maganin da ake shafa wa robar don ya jinkirta ta, kamar ina dama koko.

Kai ka haɗa ta, Abu Hafsa. Amma iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar Larabawan nan, lebura ta ce, ba ka da takardar jami'a. Sai injiniyan masana'antar, wanda kuke kira Muhandis, ya sa sunansa a kan aikin. Ranar da aka karrama shi kai aka sa jera kujeru. Da hayaƙin roba ya cinye maka huhu, sau huɗu kana zama a ƙofar ofishinsa kana tari, bai fito ba. Ya aiko a ce maka halas, wato magana ta ƙare. Ko gaisuwar mutuwarka bai zo ba.

A asibiti ka ce in bar shi da Allah, na gyaɗa kai. Yau zan faɗa maka gaskiya: kaina ne ya gyaɗa, zuciyata ba ta gyaɗa ba. Na tsani mutumin nan, tsanar da ko a sujada ba ta sauka.

To ga labari. An ba su aikin wata rijiya a gabas wadda ta fi zafi da gishiri. Muhandis ya taɓa haɗinka da iliminsa na jami'a, roba ta kumbura tun ba a kai rabi ba, bututu ya maƙale. Sai ga shi a unguwarmu Nuzla cikin farar motarsa, yana ɗage thobe, doguwar rigar nan tasu, kada ruwan kwata ya taɓa shi. Ya ce littafin da kake rubuta haɗinka a ciki kayan kamfani ne. Na miƙa masa shi da hannu biyu. Hafsa ta yi ta kuka tana cewa na sayar da mahaifinta.

Ya buɗe ya ga haruffan Larabci, ya yi murmushi ya tafi. Ina ma ka ga fuskarsa da ya dawo. Harafi nasa ne, magana ba tasa ba, don da ajami ka rubuta. Ya zaga unguwannin Sa'alaba da Waziriyya yana neman mai karanta masa, duk Bahaushen da ya ji littafin wane ne sai idonsa ya fara ciwo. Da kyar ya samu wani baƙo ɗan Nijar da bai san ka ba. Ya karanta masa shafi bayan shafi har na ƙarshe, inda ya kamata a ga awon maganin jinkiri. A nan ka rubuta kalma huɗu: sauran na wurin Rabi.

Ashe haka ka yi? Kai da ka ce in bar shi da Allah?

Jiya zuwansa na uku. Na sa masa kujerar roba a ƙofar gida, cikin rana, ban fito ba. Na aika Hafsa ta gaya masa sharaɗina: a goge sunansa, a rubuta naka, a karanta shi a gaban mutanen da suka ga kana jera kujeru. Ya kawo maganar diyya, na ce a mayar masa da abarsa. Ya ce aikinsa na rawa. To, aikin ya je ya yi ta rawa.

Gobe zuwa na huɗu, daidai da naka. Zan ji shi yana gyaran murya a waje, zan ci gaba da tankaɗe. In ya kawo takarda da sunanka, zan faɗi awon, don aikinka ne, ba na so ya mutu tare da ni. In bai kawo ba, da ni za a binne awon. Yafiya kuwa ba ta cikin sharaɗin, wannan sai mun haɗu mu uku a gaban Wanda ba ya buƙatar tafinta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya maka ƙirjin da suka ƙona.

Taka mai auna zare,
Rabi