Gorar da Na Fizge a Hannun Kaka Nyaguthii

Goggo Wanja, don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Ba ni da wanda zan iya faɗa wa wannan magana sai ke da ba ki san fuskata ba.

Gidan haya muke a Nyahururu, ɗaki tara a jere, bayanmu daji. Kowa yana ajiye gorarsa a bakin ƙofa, Kiptoo mai madara ya zo a babur da ƙarfe shida da rabi ya cika ya wuce. Mu kuma lokacin ba ma nan. Maigidana, Baban Wacera, tun biyar da rabi motar gonar furanni take ɗaukarsa, ni kuma ina tasha ina soya mandazi, wani irin fanke, da 'yarmu Wacera a goye, sai bakwai da rabi nake dawowa. Birai sun haddace wannan tsakanin. Na kifa wa gorar kwano na ɗora dutse, suka ture. Na shafa barkono a murfi, suka goge a ƙasa. Sai su ɗauke gorar, su sha abin da suka sha, su yar da saura a bayan katanga.

A bayan katangar nan na taɓa ganin Kaka Nyaguthii, tsohuwar ɗaki na uku, tana tsintar gorunan tana juye ragowar a kofi. Ba ta da kowa, amma akwai kamun kai, ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba. Da muka haɗa ido ta riƙe hannuna ta ce, “'Yar nan, tafasawa nake yi, wuta tana kashe komai. Ki rufa min asiri, kada in zama abin nuni a coci.” Na rantse mata ba mai ji a bakina.

Makon jiya wani ƙaton biri mai yagaggen kunne ya fizge gora a hannun Wacera, ya karce mata dantse, sai da aka yi mata allurai. Tun ranar ban gane kan mijina ba. Ya sayo maganin kaska na wankan shanu, ya ce min, “Tunda madara suke so, za su sha ta ƙarshe.” Na yi magiya, ya ce in tausayin biri nake ji in koma daji mu zauna tare. Na ɗauka faɗan baki ne.

Shekaranjiya ina tasha ya kira ni a waya ya ce kada in taɓa gorar yau, ya zuba maganin a ciki tun kafin ya fita. Goggo, na bar kasko a kan wuta na kwasa da gudu. Ba gora a ƙofa. Na zaga baya, sai ga ta a hannun Kaka a cike, ashe biran sun shinshina sun yar. Har ta cire murfi. Na fizge da ƙarfi har ta kusa faɗuwa, na ce tawa ce, na je na tuttular a masai. Kallon da ta yi min ba zan manta ba. Ta ɗauka gori na yi mata, yanzu ko gaisuwata ba ta amsawa.

Maigidana kuwa cewa ya yi bai zuba da yawa ba ne, ranar Asabar zai ƙara. Na duba ko'ina ban ga inda ya ɓoye sauran ba. In na faɗa masa dalilin da ya sa nake hana shi na karya rantsuwa, shi kuma bakinsa ba ya riƙe magana. In na faɗa wa Kaka, gidan nan kaf zai ji mijina ya ajiye guba inda yara suke wasa, korarmu za a yi, in ma ba a kira 'yan sanda ba. Gaba kura baya sayaki. Tsoro nake ji ƙwarai, ko abinci ba na iya ci. Yaya zan yi?

Maman Wacera

*

'Yata, gudun da kika yi ya ceci rai, sannu. Amma sa'a kika taka, kuma ba kullum take zuwa ba. Kada ki jira Asabar.

Ban ga laifin fushin mijinki ba. Duk uban da ya ga jini a hannun 'yarsa zai iya fita hayyacinsa. Sai dai guba ba ta tantance biri da mutum, wuta kuma ba ta kashe maganin kaska ko an kwana ana tafasawa. Yau ɗin nan, in ya ci abinci ya huta, ki faɗa masa komai: wa kika gani, da me a hannunta, da cewa murfin a buɗe yake. Biri ya yi niyyar kashewa, ba makwabciyarsa ba, ina kyautata zaton jikinsa zai yi sanyi. Ki sa ya mayar da sauran maganin shagon da ya saya, ki raka shi. In ya ƙi, ki kira wansa ko dattijon cocinku a ranar. Gara a kore ku daga gida da a fitar da gawa.

Rantsuwarki don kare mutuncin Kaka kika yi ta, ba don ki raka ta kabari ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ma ki shiga ɗakinta ki faɗa mata abin da ke cikin gorar, in da hali mijinki ya bi ki ya ba ta haƙuri da bakinsa. Wadda ta san zafin tonon asiri ba ta saurin tona na wani.

Batun birai kuwa, kafinta zai haɗa muku akwatin katako mai murfi, a kafe shi a bango. Ku sa kwaɗo, don biri yana zare sakata. Makulli ɗaya wajen Kiptoo. Mai yagaggen kunnen nan ku kai ƙararsa ga jami'an kula da namun daji, tunda ya fara taɓa yara.

Amma ki lura da abu ɗaya. Ranar da kika kulle akwatin nan, kin kulle shayin Kaka, domin birai ne suke ciyar da ita a gidan da ke da ɗaki tara. Don haka makulli na biyu ita za ki ba. Tana gida da ƙarfe shida da rabi, ke ba kya nan. Ki roƙe ta ta riƙa ɗaukar madarar tana tafasa muku, ta ɗebi kofi ɗaya ladan aikinta. Ki ce taimakonki za ta yi, kuma ba ƙarya kika yi ba.

Allah Ya ba Wacera lafiya, Ya sa gorar da Kaka za ta buɗe ranar Asabar ke kika miƙa mata da hannunki.

Goggo Wanja