Ɗigon da Ya Ƙi Barin Ƙofar Gida

Hajiya Souwaiba mai ba da shawara a jarida, ki taimake ni don Allah, ko da yake ban ga ta inda taimakon zai ɓullo ba. An ce mani ke mace ce, kuma ba ki kai sa'ar babbar ɗiyata ba. Ba komai. Da ina da wanda zan gaya wa wannan magana a garin nan, da ban zo tasha na zauna gaban baƙo mai rubuta wasiƙa ba. Ni ban shiga lakwal na yi boko ba, ban kuma yi da-na-sani ba. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mani baki.

Ni tsohon ɗan ayarin gishiri ne, na bi raƙuma zuwa Bilma tun ban fara gemu ba. A gidanmu matafiyi ba ya faɗin ranar tashinsa, ba ya faɗin hanyar da zai bi. Ko uwarsa sai ta ga ana ɗura salka take sani. Wana ya taɓa yin surutun hanyarsa a kasuwa, aka tare su, ya dawo a ƙasa babu raƙumi ko ɗaya.

Ɗana Issouf, shi kaɗai ne namijin da ya rage mani, yana jan kamiyo, babbar motar kaya, yana kai wa masu haƙar zinariya ruwa da shinkafa a Djado. Hanyar babu rezo, wayar salula ba ta kamawa. To, akwai Tijjani, mijin ɗiyata Ramata. Tun da ya huta da aikin gwamnati ya kafa wani ƙarfe a gidansa wanda ya fi sorona tsawo, bai ko zo ya ce mani ga abin da zai yi ba. Wai rediyon sha'awa ce, da takardar izininta. Yana hira da mutanen da bai taɓa cin tuwo da su ba, ni da ke bayan katangarsa sai Juma'a zuwa Juma'a.

Bana ya fara koyon wani sabon abu. Shi da Issouf suka ɗaura ƙaramin akwati a kamiyo, wai idan mota ta tashi zai riƙa aiko wurin da take ta rediyo, a ga ɗigo yana tafiya bisa taswira a ordinater, wato kwamfuta. Ina zaune a zaure na ji yana alfahari cewa duk mai irin abin, ko ina yake a duniya, zai ga ɗigon. Ki ji fa! Hanyar ɗana a tallata ta ga kowa. Na yi magana, suka yi dariyar nan da ake yi wa tsoho, suka ce zamani ne, Baba.

Na ji lokacin da yake nuna wa Issouf cewa waya mai kauri ita ke fitar da saƙo, siririyar kuma ita ke zuwa ga wani ɗan baƙin abu bisa rufin mota mai gane inda ake. Da safen tafiya, suna loda jarkoki, na hau na zare siririyar na cusa ta bayan kujera. Har yau ban ce na yi laifi ba. Ɗana ne.

Mota ta tafi, ɗigo bai tafi ba. Kullum saƙo ya shigo, kullum ya nuna kamiyo a ƙofar gidana. Tijjani ya ce shi ne bai iya saita abin ba, don sabon shiga ne. Ya goge taswira ya sake sawa, ya sake gogewa. Da farko har daɗi nake ji. Sai saƙon ya daina shigowa gaba ɗaya. Waɗanda suka tashi bayan Issouf sun je sun dawo, ba su gan shi a Djado ba, ba su ga motarsa a hanya ba. Jandarma suka tambayi Tijjani, ya ce kada su dogara da komai na ordinater ɗinsa, tsohon saƙon ranar tashi take ta maimaitawa.

Habsatu matar Issouf kowace safiya sai ta je ta zauna gaban ɗigon nan, ta dawo ta wuce ta wurin da yake nunawa, inda babu komai sai baƙin man da ya zuba. Shekaranjiya Tijjani ya zo ya durƙusa gabana, ya rame, ya ce in yafe masa ya ruɗe mu da abin da bai ƙware ba. Na ce na yafe. Me zan ce? Ramata ta ce ya yi rantsuwa zai share komai ya sauke ƙarfensa.

Zuciyata ta riga ta gaya mani ba zan sake ganin yaron nan ba. In haka ne, me amfanin in tsaya gaban surukina in zubar da girmana, a ce tsoho ya kashe ɗansa? Ki faɗa mani in yi shiru in tafi da maganar kabari.

Tsohon ɗan ayari, Agadez

AMSA

Baba, ina gaishe ka da wannan nauyi. Ba zan ce ka yi shiru ba.

Tsoronka ba shirme ba ne. Na tambayi wanda ya san irin wannan rediyo, ya ce gaskiya ne, ɗigon a buɗe yake ga kowa, kuma a hanya irin ta Djado abin dubawa ne. Ya ce ana iya saita akwatin ya nuna yankin kawai, ba daidai wurin ba. Da Tijjani ya zauna ya saurare ka maimakon dariya, da an sami tsakiya. Wannan nasa ne. Amma kai ka yanke wa babban mutum mai iyali hukunci a ɓoye, ka bar shi ya shiga sahara yana zaton ana ganinsa. Kuma ka karɓi ban-haƙurin wanda bai yi maka laifin ba. Waɗannan naka ne.

Ga abin da ya sa maganar ba ta jira. Akwatin da aka zare wa waccan waya yana iya ci gaba da aiko wurin ƙarshe da ya sani. Ke nan saƙonnin nan ba maimaicin ordinater ba ne, daga motar Issouf suke fitowa, duk lokacin da injin ke aiki. Wurin ne ƙarya, lokacin gaskiya ne. Daga su za a san tsawon tafiyar da ya yi kowace rana da ranar da ya tsaya, direbobin hanyar kuma su kimanta inda hakan ke kai kamiyo mai kaya. Ba tabbas ba ne, amma ya fi neman mutum a dukan sahara. Tijjani ba zai duba ba muddin yana zaton abin banza ne, kuma yana shirin sharewa.

Don haka ban jira fitowar jarida ba, na kira mai rubutunka na ce ya nemo ka ya karanta maka wannan. Ka faɗa wa Tijjani abin da ka yi yau, ba gobe ba. In kunyar suruki ta hana ka, kira Ramata ka faɗa mata, ta kai masa kafin ya taɓa komai. Sannan ku je wurin jandarma tare, ka faɗa da bakinka.

Ba zan yi maka alƙawarin Issouf yana da rai ba. Lokaci ya ja, kai ka fi ni sanin abin da ƙishirwa ke yi. Watakila za a yi maka maganar da kake gudu, watakila Habsatu ta daɗe ba ta dube ka ba. Amma girman da kake tsarewa, Baba, ba shi ne zai nemo ɗanka ba. Ka ɓoye hanyarsa don kada mugu ya same shi. Yanzu masu nemansa ne kaɗai kake ɓoye wa.

Allah Ya bayyana Issouf, Ya ba Habsatu haƙuri, Ya ba ka ƙarfin taka ƴan takun nan zuwa bayan katangarka.

Hajiya Souwaiba