Gyaran da Habu Ya Yi wa Motona

Dungas, daren Talata, Maris 1977

Har yanzu hannuna warin isansi yake, man fetur ɗin nan. Da safe na ɗauki allurar ƙyanda cikin akwatin ƙanƙara zan kai ƙauyen Guci, mata sun tara yara suna jirana. Ban yi nisa ba injin moto, wato babur ɗina, ya fara ƙas-ƙas, sannan ya shaƙe ya mutu. Karbirato mai ba inji isansi sai zubar da shi yake, buji, wato fulogi, ya jiƙe sharkaf. Na goge, na buga, na sake bugawa har ƙafata ta sage. Kafin in turo shi gida cikin rairayi, ƙanƙarar akwati ta narke, allura ta lalace.

Da na kwance shi da la'asar, na tarar an lanƙwasa ƙarfen da ke tsayar da isansi, an kuma sassauta supaf, wato bawul ɗin inji. Na kira ƙanena Habu da ya are shi ran kasuwa.

Ya ce, "Yaya, gyara na yi maka don ya ƙara gudu."

Gudu! Inna wai in yi haƙuri, jinina ne. To, gobe ya hau jaki ya je Guci ya faɗa wa uwayen yaran da bakinsa. Ni ba ni da idon kallonsu.