Akwatin da Na Ɓoye Maka

Zuwa ga Yaya Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta shiga kabari, amma maganar nan ta fi ƙarfin cikina.

Ka tuna jarrabawar ɗaukar malamai ta makarantar nan ta Nassarawa GRA? Kana zaune a kan tabarma a gidanmu na Kawaji, waya a kunne, muryar da ke karanta wa makafi rubutu tana ta zuba, ka cike fom ɗin kai kaɗai. Har da tsokanata, wai tunda ƙanwarka ce ta gina wa makarantar shafin intanet ɗin, ai aiki ya zama naka.

Ranar jarrabawa aka ajiye maka takarda da biro. Ka nemi mai karanta maka tambayoyi, aka ce akwai akwatin da ake dannawa a fom, kai ba ka danna ba. Awa biyu ka zauna kana jin ƙarar biron mutane. Da ka dawo, cewa ka yi, "Ƙila kunnena ne ya tsallake shi."

Yaya, kunnenka bai tsallake komai ba. Ni na ɓoye shi.

A kwamfuta akwatin yana gefen dama. A waya kuwa sai ya matse shafin, mai makarantar ta ce ya yi muni, ni kuma na rufe gefen gaba ɗaya. Abin da aka rufe haka, ko muryar waya ba ta karanta shi. Kuma wallahi na san ƙa'idar: duk abin da mai kwamfuta zai samu, dole mai waya ya samu. Amma ko sau ɗaya ban rufe ido na gwada ba, ni da na tashi ina riƙe hannunka zuwa makaranta!

Bayan mako guda da jarrabawar na gano kuskurena. Gyaran bai kai minti biyar ba. Faɗa maka ne ya gagare ni. Kullum sai in ce gobe, kai kuma ba ka ƙara neman aiki ba, har zazzaɓin nan ya tafi da kai.

Yanzu ofis-ofis nake bi da wayarka, ina kunna musu muryar su ji yadda take tsallake rabin shafinsu. Su ce "Allah sarki", su kawo min ruwan sanyi, sannan su tambaye ni wai makafi nawa ne ma za su shiga. Na gaji, Yaya. Ban ga alamar za su canza ba.

Jiya na buɗe fom ɗin nan da wayarka. Muryar ta karanto akwatin tsaf, tana tambaya ko kana buƙatar mai karanta maka. Na danna maka shi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa idan mun haɗu ka yafe min.

Ƙanwarka,
Bilkisu