Malamarmu Ta Tafi Dutse

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Alhaji, ya yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gwaram lafiya lau, sai dai ɓacin rai.

Ajin iyaye da na shiga, na karatu da ɗinki, ya mutu. Malamar da ke zuwa mana daga Birnin Kudu an mai da ita Dutse, wai sabuwar jiha tana neman ma'aikata. Kekunan ɗinki suna kulle a ɗaki, mabuɗin ya tafi a jakarta. Laraba huɗu muna shimfiɗa tabarmi a ƙofar ajin har la'asar, mu naɗe mu dawo. Ni kam na gaji, na daina zuwa.

Jiya autata Zainabu ta kawo littafinta ta ce, "Inna, duba mini." Na juya shafi, na ce ya yi kyau. Kallona kawai ta yi, ta san ban karanta ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida. Malam Sani na bakin kasuwa ne ya rubuta mini wannan. Sunana da ke ƙasa kaɗai na rubuta da hannuna, iyakar inda muka tsaya ke nan.

Ƙanwarki,
Hadiza