Rabin Maganata da Kuka Watsa

Rogo Ruma,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanina Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sadiƙa da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya rufa asiri a wannan Abuja taku mai tsada. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta je suna a Kurugu da kanta. Gyaɗa ma ta yi kyau bana, sai godiya.

Na rubuto ne don kwana huɗu ina kiranka ba ka ɗauka. Kai ka ba wakilin gidan rediyonku lambata, ka ce ya ji ta bakin shugabar ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli. Na karɓe shi saboda kai, har fura na dama masa. Abu biyu na faɗa masa. Na ce takin da aka turo wa manoma an gan shi jibge a gidan wani jigon jam'iyya. Na kuma ce kwalbatin hanyar Ruwan Bago, wanda jigon ɗaya jam'iyyar ya karɓi kwangilarsa, ruwan farko ya tafi da shi, har yau a ka mata ke tsallakar da buhunan gyaɗa. Na ce dukansu ɓarayi ne, tuta ce kawai ta raba su.

Ranar Talata na ji kaina a rediyo. Maganar taki sau uku kuka maimaita ta, har da kiɗa. Ta kwalbati kuwa ko tari. Na kasa kunne sosai: injin niƙan Sulle maƙwabcina yana ruri a bayan muryata, sai ya ɗauke ɗif ina tsakiyar jan numfashi. Injin nan ba ya mutuwa haka, hannu ne ya yanke. Kuma na san mai kwalbatin jam'iyyarsu ɗaya da mai gidan rediyonku. Shekara ashirin ina karanta jarida, na gane salonku. In na can ya ci, ku ce badaƙala. In naku ya ci, ku ce ana raɗe-raɗi, in ma kun ce.

Ka san matan ƙungiyar nan mazajensu rabi na nan ne, rabi na can. Shekara bakwai na riƙe su a kan sharaɗin ba a kawo mana siyasa wajen suya. Yanzu Ummukulthum, mataimakiyata, ta tsaya gaban kowa ta tambaye ni yaushe na zama sojar baka. Waɗanda maganar ta yi wa daɗi kuma sun aiko min da atamfa mai hoton ɗan takara, na mayar musu. An sa taro ranar Alhamis don a sauke ni.

Na kira wakilin, ya rantse shi ya miƙa hirar cikakkiya, a ofis ake tacewa. Da na tambaye shi wa ya tace, sai ya fara in-ina. Ni kuwa ban manta ba, wata biyu ke nan da aka mayar da kai teburin tace labarai. Ban ce kai ne ba, Badaru, amma ban ce ba kai ba ne.

Ba haƙuri nake so ka ba ni ba. Turo min hirar yadda na yi ta, daga sallama har fura, ta wayar ɗana Muntaka kafin Laraba, in kunna wa matan su ji da kunnensu.

Ka gaida Sadiƙa da Rumasa'u da Lukumanu. Kawu Ɗanmaliki yana gaishe ka. Inna ta ce in tambaye ka ko ka ji yayarka a rediyonku, wai ta san kai ka sa aka girmama ni haka. Ban ce mata komai ba tukuna. Ranar Laraba zan san abin da zan gaya mata.

Yayarka,
Sa'adiya.